Ƙauyen Ingila: ina makiyayi, ina dagaci?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A hotunan ƙauyukan Ingila kullum ƙasa kore shar, ga shanu da tumaki suna kiwo babu mai kora su. Ruwan samansu ne ya fi namu yawa? Kuma me ke hana dabba shiga gonar mutane?
Daga wani manomi a Ringim, Jigawa

Amsa: Barka kadai. Ba yawan ruwa ba ne, yadda yake sauka ne. Yankin Kambirij a gabashin Ingila yana samun kusan milimita 600 a shekara, bai ma kai na Kano ba. Namu yana zuba ne cikin wata huɗu ko biyar, rana ta ƙone sauran. Nasu yayyafi ne da ke rarrabuwa cikin wata goma sha biyu, ga sanyi, ƙasa ba ta saurin bushewa. Yamma da arewa sun fi ruwa da tuddai, shi ya sa kiwo ya fi ƙarfi a can, gabas kuma ta alkama da sha'ir da dankalin Turawa ce.

Saboda haka babban ciwon kan manominsu shi ne fitar da ruwa daga gona. Ana binne bututu mai ƙananan huji a ƙarƙashin ƙasa, ya tsotse ruwan ya kai shi lambatu a bakin gona. In bututun ya toshe da laka ko saiwa, ruwa ya kwanta, saiwar alkama ta ruɓe. Alkamar ma ana shuka ta ne wajen Oktoba, ta sha hunturu a ƙasa, a girbe a Agusta.

Batun makiyayi kuwa, shinge ne ke yin aikinsa. Tsakanin 1750 da 1850 majalisar dokoki ta yi ta fitar da dokokin da suka yanka filayen gari da makiyaya aka killace, kowane da mai shi. Talakawa da yawa sun rasa wurin kiwo a lokacin, kada a ɗauka abin ya zo da daɗi. Shingen na itace mai ƙaya ne mai rai, kamar yadda muke dasa bini-da-zugu. Da hunturu ake gyara shi: a sari kowane icce daga gindi ba tare da an tsinke shi ba, a kwantar da shi gefe guda, a saƙa tsakanin turaku. Ɓawon da ya rage shi ke ciyar da iccen har ya yi sabon toho. In an yi shekaru ba a yi haka ba, saman shingen ya yi duhu, gindinsa ya buɗe, tunkiya ta kutsa. A tuddan arewa katangar dutse ake jerawa, ba siminti.

Shanu ba sa shekara a fili. Daga wajen Nuwamba ana shigar da su rumfa, don kofato yana dagargaza jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abincinsu ciyawar da aka yanka ɗanya ce a Mayu ko Yuni: a bar ta ta sha iska kwana ɗaya ko biyu, a danne ta sosai, a rufe da leda. Iska ta sami kafa, ta yi fumfuna, aiki ya lalace.

Tambaya: Suna da dagaci ko mai unguwa?
Daga wata malamar makaranta a Ɓagwai, Kano

Amsa: Babu, Malama. Tun 1894 ƙaramar majalisa ce ke riƙe da ƙauye, ana zaɓenta duk shekara huɗu, yawancin 'yan majalisar kuma ba albashi. Hurumin nata kaɗan ne: filin wasan yara, hanyoyin ƙafa, wani lokaci maƙabarta. Ba ta raba gona, ba ta shari'a.

Kuma kada sunan ƙauye ya ruɗe ki. Matsakaiciyar gona a Ingila ta haura hekta 80, mutum biyu ko uku da tarakta sun ishe ta, don haka yawancin mazauna ƙauyen ba manoma ba ne. 'Yan fansho ne da ma'aikatan da ke tuƙa mota zuwa birni kullum. Masu kuɗi sun sa gidaje sun yi tsada, matasan da aka haifa a wurin sai su koma haya a birni, makarantar firamare ta rasa yara, wani lokaci har a rufe ta.