Sauri ya haifi nawa: amsa ga mai saƙon da ke makara

Wani matashi daga unguwar Zariya a nan Maradi ya rubuto: "Malam, na haɗa wa 'yan kasuwa manhajar hira, amma saƙo yana makara. Na sa burauza ta riƙa tambayar uwar garke kowace daƙiƙa, sai abin ya ƙara lalacewa. Kawuna ya ce sauri ya haifi nawa. 'Ya'ya nawa ke nan?"

Ɗana, kawunka ba ƙidaya ya ba ka ba. Boko ne ya ruɗe ka, domin ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Akwai nawa ta tambaya (nawa ne tiyar gero?), akwai nawa ta mallaka (jakin nan nawa ne), sannan akwai nawa ta sanyin jiki, wadda ake cewa wane yana da nawa wajen aiki. Ta ukun ce a karin maganar: mai gaggawa yakan ɓata aiki, ya dawo farko.

Dattijon ya kuwa faɗi daidai. Uwar garke, sunan da aka laƙaba wa kwamfutar da sauran ke komawa gare ta, daga kiwo aka aro shi, kuma ni dai ya fi mini "saba" ta Turanci daɗi. Ka aika yara ɗari su tsaya kanta suna "akwai saƙo?" ba fashi, yaushe za ta sami sukunin miƙa saƙon? Maganin irin wannan shi ne WebSocket, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 2011: ƙofa ɗaya ake buɗewa a bar ta, kowane ɓangare ya yi magana sa'ad da yake da abin faɗa.

Sai dai kada ka kira kowace makara jinkiri, don Hausa ta rarrabe. Jinkiri ɗagawa ne, sau da yawa da gangan. Akwai dabarar injiniya John Nagle ta 1984, mai riƙe ƙananan saƙonni ta haɗa su kafin ta tura, tamkar direban tasha da ba ya tashi sai mota ta cika. Masu manhajar hira sukan kashe ta. Nawa kuwa ana tafiya, sai dai sannu, kamar uwar garken da aiki ya yi wa yawa.

Tsaiko ya fi ba ni sha'awa. Ƙa'idar TCP, mai jigilar saƙo ƙunshi-ƙunshi a intanet, ba ta yarda na baya ya wuce na gaba. In rezo ya yi rauni ƙunshi ɗaya ya ɓace, duk na bayansa sai su jira a sake aiko shi, kamar manyan motoci a iyakar Ɗan Isa in ta gaba ta mutu. Alamarsa: shiru, shiru, sai saƙonni goma su zubo lokaci guda.

In kuwa bayan dogon shiru ne hirar ke mutuwa, ba tsaiko ba ne, katsewa ce. Nginx, mai tsaron ƙofa da akan sa tsakanin burauza da uwar garke, in ba a sauya masa ba, yakan rufe ƙofar da ta yi daƙiƙa 60 ba motsi. Sa uwar garke ta riƙa aika ɗan "kana nan?" kafin lokacin ya cika, burauza ta amsa. Kuma ka buga wa kowane saƙo lokacin fita da na isa, ka ga a wane zango ya kwana.

Ka gaida mini kawun naka.