Sallar wanda wuyansa ya sanƙare bayan tarin fuka na ƙashin baya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi jinyar tarin fuka da ya kama mini ƙashin wuya. Na gama shan magani, amma wuyan ya sanƙare, ba na iya waiwaye, likita kuma ya hana ni kai goshi ƙasa. Tun daga nan a kan kujera nake sallah daga kabbara har sallama. Sallata ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne.

Wannan ciwo yakan ci gaɓoɓin ƙashin baya, idan ya warke sai su manne da juna, shi ya sa wuyan ya ƙi juyuwa. Ta cikin waɗannan ƙasusuwa laka ta bi, don haka hanin likitanka uzuri ne karɓaɓɓe. Tsoron ƙaruwar cuta a wurin malamai hukuncinsa ɗaya da gazawa. Allah Yana cewa a Suratut Tagabun, aya ta 16: "Ku ji tsoron Allah gwargwadon iyawarku."

Sai dai akwai gyara, ɗan'uwa. Kowane rukuni da hukuncinsa, rashin iya sujada ba ya sauke maka tsayuwa. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana bin Husaini, kamar yadda Bukhari ya ruwaito: "Yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka." Muddin ƙafafunka na ɗaukarka, yi kabbarar harama da Fatiha a tsaye. Ruku'u kuwa aikin baya ne, ka sunkuya daidai inda ba zai cutar da kai ba. In ka zo sujada sai ka zauna, ka yi nuni da gangar jikinka tunda kai ba ya sunkuyawa, nunin sujada ya fi na ruku'u yin ƙasa. Kada ka ɗaga matashi ko wani abu zuwa goshinka, ba a ɗora maka hakan ba. Ina yawan ganin masu kujera a sahu suna zama tun kafin liman ya yi kabbara, alhali da ƙafarsu suka tako, abin yana damuna ƙwarai.

Sallama kuwa, wajibinta lafazin "Assalamu alaikum" ne. Juya kai dama mustahabbi ne, ka faɗe ta kana fuskantar alƙibla, ta isar.

Sallolin farillar da ka yi a zaune kana iya tsayuwa, akwai malaman da ke cewa a rama su. Abin da na fi natsuwa da shi: wanda ya yi hakan bisa zaton rangwamen ya haɗa har da tsayuwa, babu ramuwa a kansa, ya gyara daga yau.

In ka fara jin hannu ko ƙafa na mutuwa ko rauni, koma asibiti a ranar, kada ka bari a murɗa maka wuya da sunan ɗori.

Wallahu a'alam.