Tsohuwar tashar Penn ta New York: me ya sa aka rushe ta?

Tambaya: Malam, na ga hotunan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Penn a New York, gini kamar fada. An ce rushe ta aka yi. Me ya jawo, kuma ina jiragen suka koma?

Amsa: Jiragen ba su koma ko'ina ba. Ginin sama kaɗai aka rushe, layukan dogo 21 suna nan a ƙarƙashin ƙasa, har gobe ana hawa jirgi a wurin.

Kamfanin Pennsylvania Railroad ne ya buɗe tashar a 1910, bayan ya haƙa hanyoyi a ƙarƙashin Kogin Hudson. Kafin nan, fasinjansa sai ya sauka a New Jersey, ya hau jirgin fito ya ƙetare kogin zuwa Manhattan, cibiyar birnin New York. Jirgi mai cin kwal ba ya shiga dogon rami saboda hayaƙi, don haka da lantarki ake jan taragai, su tsaya can ƙasa. Ginin sama ya ci fili eka 8, babban zauren jiransa kuwa an kwaikwayo shi ne daga tsohon gidan wankan Sarki Caracalla na birnin Rum.

Wannan tsari shi ya ci ginin. A 1945 fasinja sama da miliyan 100 suka bi ta tashar, amma daga baya mota da jirgin sama suka janye su. Kamfanin ya shiga asara, ga makeken rufin gilashi da ya yi baƙi ƙirin, kula da shi sai cin kuɗi. Tunda jirgi ba ya buƙatar ginin, sai aka sayar da haƙƙin yin gini a saman layukan. Kamfanin ya sami ƙaramar tasha a ƙarƙashin ƙasa, da kuma kashi 25 cikin 100 na sabon ginin Madison Square Garden, zauren wasannin da aka gina a wurin.

An fara rusau ran 28 ga Oktoba, 1963, aka kai 1966 ana yi, jirage na kai da komo a ƙasa. Ginshiƙan dutse da sassaƙe-sassaƙe aka kwashe aka jibge a fadamar Meadowlands ta New Jersey, wanda a ganina shi ne mafi muni a lamarin.

Cinikin ma bai fisshe su ba: kamfanin ya haɗe da kamfanin jirgin ƙasa na New York Central a 1968, suka karye a 1970. Fushin jama'a kuwa ya taimaka aka kafa dokar kare gine-ginen tarihi ta birnin a 1965, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a 1978 a shari'ar tashar Grand Central.