Wayata megafiksel 108 gare ta, amma hoton atamfa ba ya fita: in sayar da ita?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi da shadda daga gida, a sitatus ɗin WhatsApp da Instagram nake talla. Na yi adashi na sayi sabuwar waya saboda an rubuta megafiksel 108 a kwalinta, mai shago ya ce ba ta da na biyu wajen hoto. Amma in na ɗauki kaya da daddare bayan yara sun kwanta, sai hoton ya fito dishi-dishi, kala ta canza, har wata kwastoma ta dawo min da leshi ta ce ba shi ta gani ba. Ƙawata tsohuwar iPhone gare ta mai megafiksel 12 kacal, amma hotonta ya fi nawa kyau. An cuce ni ne? In sayar in sayi irin tata?

Wata 'yar'uwa daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa nema albarka. Kada ki sayar da ita tukuna. Lambar da ke jikin kwalin gaskiya ce, sai dai mai shagon ya ɗora mata nauyin da ba nata ba, kuma yadda kika bayyana abin, kusan duk matsalarki daga hasken ɗakin take.

Kowane hoto na waya ɗigo-ɗigo ne ƙanana da aka jera, ɗigo miliyan ɗaya shi ake kira megafiksel ɗaya. Wato lambar tana faɗin girman hoton ne kawai, ba ta faɗin ko ɗigon nan sun sami haske mai kyau. Kuma bukatar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Fuskar wayar da kwastomarki ke kallon kayan a kai, in ta yi yawa ɗigonta bai fi miliyan 2 zuwa 3 ba a mafi yawan wayoyi. Babbar talabijin ɗin nan da ake kira 4K, miliyan 8 da ɗan ɗoriya ce. Instagram kansa yakan matse faɗin hoto ya koma wajen ɗigo 1080. Hoto mai megafiksel 12 kuwa, ɗigo 4000 ne a tsawo da 3000 a faɗi, za a wanke shi a takardar da ta fi A4 girma ya fito tas. Saboda haka babu wata kwastoma da ta taɓa ganin miliyan 108 ɗin nan a sitatus ɗinki.

Abin da ke yin aikin shi ne wani ɗan faranti da ke bayan gilashin kyamara, ana ce masa sensa. Shi ke tarar haske. Ki ɗauka tsakar gida ce ana ruwan sama, kin jera kwanuka kina tara, kowane kwano shi ne ɗigo ɗaya. In ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, ko ƙaramin kofi kika ajiye zai cika. In yayyafi ne, ƙananan kofuna wani ya sami ɗigo biyu, wani uku, wani ko ɗaya, sai babban kwano ne zai tara abin kirki. Rana tsaka ruwa ne mai yawa, ɗakinki da daddare yayyafi ne. Wannan yashi-yashin da kike gani a hoton dare daga nan yake, ɗigon maƙwabta ba su sami haske daidai da juna ba, wayar kuma ta ƙara musu ƙarfi da ƙarfin tsiya don hoton ya yi haske. Daga nan manhajar ta shafe yashin, ta haɗa da zaren leshinki ta shafe, shi ya sa aikin jikinsa yake fitowa kamar an goge shi da yatsa.

A wayoyi masu megafiksel 108, faɗin kowane ɗigo bai kai maikuron ɗaya ba (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), tsakanin 0.6 da 0.8 yake, alhali kaurin silin gashi guda ya kai maikuron 50 ko fiye. Kyamarar masu ɗaukar biki ta ƙwararru sensa ɗinta milimita 36 ne da 24, ya ninka na waya fiye da sau goma. Kamfanin Sony ma da ya tashi yin kyamara don aikin dare musamman, A7S da ya fitar a 2014, megafiksel 12 kawai ya sa mata a kan wannan babban farantin, da gangan.

Masu ƙera waya sun san wannan sarai, shi ya sa suka yi dabara. Mafi yawan wayoyi masu 108 suna haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, a raba 108 gida tara ka sami 12. Samsung ya yi haka a Galaxy S20 Ultra a 2020, wasu kamfanoni suka bi. Ki buɗe ɗaya daga cikin hotunanki ki duba bayanansa, ina kyautata zaton za ki ga an rubuta 4000 da 3000 ko kusa da haka. Wato ke da ƙawarki, tun farko, hoto mai girma ɗaya kuke ɗauka. Cikakken 108 ɗin sai kin shiga kin kunna shi da kanki, kuma amfaninsa da rana ne, da haske wadatacce da hannu a tsaye.

To me ya sa nata ya fi? Nan ne abin yake da ɗan ban mamaki, domin mai yiwuwa ne ma sensa ɗinki ya fi nata girma. Bambancin yana wurare biyu. Na farko, wayoyi masu tsada suna da wata 'yar na'ura da ke motsa gilashin kyamara ta rama rawar hannu, ana rubuta ta OIS a jerin bayanan waya. Da daddare kyamara tana barin idonta a buɗe ya ɗan jima don haske ya taru, a cikin wannan ɗan lokacin ko numfashi kika ja hoton ya yi dishi-dishi. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa an sa musu babbar lamba an bar su babu wannan na'urar, saboda lamba ita ke sayar da waya a shago, OIS kuwa ba ya cika ido a kwali. Na biyu, ƙwaƙwalwar wayar. Wayar zamani in kin danna sau ɗaya, hotuna da yawa take ɗauka a jere ta haɗa su ta fitar da guda, ta ɗebe yashi ta bar zare. Google ya nuna wa duniya ƙarfin wannan hanya a 2018 da tsarin dare na wayoyinsa na Pixel, kyamara ɗaya tak mai megafiksel 12. Apple ma daga iPhone 6s ta 2015 har zuwa iPhone 13 a kan 12 ya tsaya, sai a 14 Pro ta 2022 ya hau 48. Duk shekarun nan hotonsu yana gyaruwa, lambar tana nan inda take.

Amma ni abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne leshin da aka dawo da shi, don wannan ya taɓa amana, mai sayar da kaya a intanet kuwa da ita take cin abinci. Kuma ko iPhone kika saya ba lallai ta raba ki da wannan ba. Launin yadi yana bin launin hasken da ya sauka a kansa. Tsohon ƙwan fitila mai zafi haskensa ja-ja ne, wajen 2700 a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, ana rubuta shi K. Hasken rana wajen 5500 yake. Fararen ƙwayaye masu sanyin ido sukan kai 6500, suna karkata zuwa shuɗi. Idon mutum yana gyara wannan da kansa ba tare da ya sani ba, waya kuwa canka take yi, in ta cika hotonta da jan leshi babu wani farin abu a ciki, sai ta rasa ma'auni. Ga kuma ƙwayayen LED masu arha da fitilun caji, haskensu a ido fari ne amma akwai launukan da ba su cika cikinsa ba, musamman ja. A ƙarƙashinsu jan-goro yakan koma ruwan ƙasa, ruwan zuma ya yi fatsi-fatsi, ruwan hoda ya mutu. In kuma bangon ɗakin fentinsa kore ne ko shuɗi, hasken ya daki bango ya dawo da kalarsa kan yadin. Sannan wayoyi da yawa suna ƙara wa kala armashi da kansu don hoto ya burge. Ki duba saman fuskar kyamara, in akwai alamar AI ko ta gyaran fuska ko wata tacewa a kunne, ki kashe su duka in kaya za ki ɗauka.

Maganin bai da tsada. Ki mayar da ɗaukar hoto rana, ko da sau biyu ne a mako ki tara kayan ki ɗauke su gaba ɗaya. Ki nemi inuwa mai haske, baranda ko bakin ƙofa ko gefen taga, da hantsi ko bayan la'asar. Kada rana ta daki yadin kai tsaye, tana ƙona kala ta kuma jefa baƙar inuwa cikin ninki. Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya buɗe wurinsa a 1948, mafi yawan hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, kuma har yau in mutum ya kalle su zanen zannuwan matan da na labulen da ke bayansu ne ke fara kama ido. Ki shimfiɗa farin zanen gado ko farin kwali ki ɗora kayan, ki bar ɗan farin ya fito a gefen hoton. Wayar za ta auna kala da shi, kwastoma ma in ta ga farin ya yi fari a wayarta ta san kalar yadin gaskiya ce.

Kowane yadi da halinsa. Shadda zanenta a ƙyalli yake, in haske ya zo mata ta gaba sai ta fito sumul kamar leda, amma ki sa taga ta kasance ta gefe, ki ɗan karkata yadin kaɗan kaɗan kina kallon fuskar waya, za ki ga daidai inda furannin suka taso, nan za ki danna. Farar shadda takan ruɗi waya ta mayar da ita toka-toka, ki taɓa yadin a fuskar wayar, wata alamar rana za ta fito, ki ja ta sama kaɗan. Baƙa ko shuɗi mai duhu kuma ki ja ƙasa, in ba haka ba za ta fito a koɗe. Leshi yana son a sa masa wani yadi mara ado a ƙarƙashi don hudojinsa su fito, a nan ne kuma cikakken 108 ɗinki zai yi rana: ki ɗauka da shi, ki yanko ɓangaren da duwatsu da aikin zare suke, ki tura shi a matsayin hoto na biyu. Wani lokaci yadi mai ƙananan layuka yakan fito da wasu igiyoyi masu lanƙwasa da babu su a jikinsa. Wayar ba ta lalace ba, layukan ne suka yi karo da jerin ɗigon sensa, ki matsa gaba ko baya taku ɗaya za su ɓace.

In dole sai da daddare, ki sayi ƙwai biyu iri ɗaya, ki duba kwalinsu a ga an rubuta CRI 90 ko sama (CRI shi ne ma'aunin yadda ƙwai ke nuna kala daidai), da 5000K zuwa 5500K. Ɗaya dama ɗaya hagu, ki kashe sauran fitilun ɗakin don kada haske iri biyu ya gauraya. Ki jingina wayar da wani abu ko ki sayi 'yar ƙafar ɗora waya, ki sa agogon daƙiƙa uku don hannunki ya bar jikinta kafin ta ɗauka. Filashar waya kuwa ki manta da ita.

Kafin kowane ɗauka ki goge gilashin kyamarar da gefen mayafi mai laushi. Waya tana yini a hannun da ya taɓa man shafawa da man girki, ga ƙurar hunturu, wani hazon da ake ɗora wa kamfani laifinsa maiƙo ne kawai. Kada kuma ki ware yatsu ki jawo hoto kusa, ki taka da ƙafarki ki matsa.

Sai turawa. WhatsApp yana matse hoto sosai, sitatus ya fi kowanne matsewa. Tun 2023 akwai alamar HD a sama in za ki tura wa mutum hoto, ki riƙa danna ta. Wadda ta nuna da gaske take son saye, ki tura mata hoton a matsayin fayil ta wajen alamar takarda, zai je mata yadda kika ɗauke shi, ki haɗa da ɗan bidiyo na daƙiƙa goma kina juya yadin a hasken rana. Fuskokin waya ma ba ɗaya suke nuna kala ba, don haka ki rubuta sunan kalar da baki a ƙarƙashin hoton.

In kin yi duk wannan na mako biyu hoton rana bai gamsar da ke ba, to sai a yi maganar canji. A lokacin kada ki tambayi megafiksel. Ki tambaya ko babbar kyamarar tana da OIS, ki kuma je shagon da ƙyallen jan leshi da na farar shadda a jaka. Ki ɗauke su da wayar da ake tallata miki, a cikin shago da kuma bakin ƙofa, ki buɗe hoton ki kara yadin kusa da fuskar wayar ki gwada da idonki. In kina ɗaukar masu sanye da ɗinki, ki ɗauki fuskar wanda ya raka ki ma, don wasu wayoyin suna ɗashe baƙar fata ko su duhunta ta, wasu kuma an yi musu aiki a kan haka, kamar yadda kamfanin da ke yin Tecno ya daɗe yana yi saboda kasuwar Afirka, Google ma ya shigo da nasa a Pixel 6 a 2021. Duk mai shagon da ya hana ki wannan gwajin, ki wuce shago na gaba.