Amsa ga mai tambaya kan ƙaninsa ɗan wasan baya da aka yi wa tayin fita waje

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ƙaninka mai shekara 19 yana buga lamba biyar, wato mai tsaron baya na tsakiya, a wata ƙaramar ƙungiya, kuma wani wakili ya yi masa tayin gwaji a Turai bisa sharaɗin ku biya kuɗin jirgi da biza, shi ne kake tambaya ko ya tafi ko ya tsaya ya nemi shiga babbar gasar Najeriya tukuna. Na daɗe ina taimakawa wajen horar da yara a ƙungiyar unguwa a nan Kano, wasunsu sun fita sun dace, wasu kuma sun dawo hannu rabbana, don haka zan faɗi abin da na gani.

Ra'ayina shi ne ya tsaya tukuna, kuma dalilina ya fi rataya ga wurin da yake bugawa a fili. Ɗan wasan gaba yana iya shiga gwajin mako biyu ya ci ƙwallo uku, a sa masa hannu a kwantiragi kafin a gama sanin halinsa. Mai tsaron baya ba ya da wannan gatan, domin aikinsa ba ya fitowa a ɗan gajeren lokaci: abin da koci yake son sani shi ne ko yaron zai buga wasa talatin a kaka ba tare da ya yi kuskuren da zai jawo asarar maki ba, ko yana fahimtar abokin tsayuwarsa da mai tsaron raga, ko yana riƙe hankalinsa bayan an ba shi katin gargaɗi. Waɗannan abubuwa ba a auna su a gwaji, a tarihin wasannin da mutum ya riga ya buga ake karanta su. Yaron da bai taɓa kammala kaka ɗaya a babbar gasa ba, ba shi da abin da zai nuna sai tsawo da ƙarfi, kuma masu tsawo da ƙarfi sun cika kowane filin gwaji.

Dubi hanyar da Shehu Abdullahi ya bi, tunda ɗan Sakkwato ne kuma da yawa cikinmu mun kalle shi da idonmu a filin Sani Abacha. Bai fita ba sai da ya kafu a Kano Pillars a shekarun da ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar Najeriya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kuma daga nan ne marigayi Stephen Keshi, kocin tawagar Najeriya a lokacin, ya tafi da shi gasar 'yan wasan Afirka masu bugawa a gida da aka yi a Afirka ta Kudu a 2014, inda Najeriya ta zo ta uku. Ko da ya tashi fita, ba Ingila ko Sifaniya ya nufa ba. Ya fara da Qadsia ta Kuwait, sannan ya shiga Turai ta ƙaramar ƙofa, wato União da Madeira ta Fotugal, daga nan Anorthosis ta Saifurus, sai Bursaspor ta Turkiyya a farkon 2018, sai Omonia wadda ya ci kofin gasar Saifurus da ita a 2021, sai Levski Sofia ta Bulgeriya, kafin ya dawo Pillars. Babu ƙungiyar da matasanmu suke kallo a gidajen kallo ran Asabar a cikin wannan jeri, amma yana samun wasa, kuma wannan ne ya riƙe masa gurbi a tawagar ƙasa: ya samu lambar tagulla a gasar Olamfik ta 2016 a Birazil, shi ne ya miƙa wa Alex Iwobi ƙwallon da aka ci Zambiya da ita a Uyo a 2017 aka samu tikitin zuwa Rasha, kuma ya buga wasan farko da Kuroshiya a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Akwai wani abu a tarihin nasa da nake so ƙaninka ya lura da shi. Shehu yana buga lamba biyu, wato mai tsaron baya na gefen dama, yana kuma iya tsayawa a tsakiya a gaban 'yan baya. Ƙungiyoyin da ba su da kuɗi mai yawa, waɗanda su ne suke fara ɗaukar yaranmu, suna son baƙon da zai toshe musu gurbi biyu da albashi ɗaya, musamman a ƙasashen da aka ƙayyade yawan baƙi. In yaronku lamba biyar kaɗai ya iya, to ya yi amfani da wannan lokaci ya koyi gefe, ya kuma gyara ƙafarsa ta hagu.

Ga mai ganin cewa babbar ƙungiya ita ce komai, Kenneth Omeruo ya isa misali. Chelsea ta saye shi a 2012, ya ci kofin Afirka da Najeriya a 2013 yana ɗan shekara 19, amma har ya bar ƙungiyar a 2019 bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Shekarun duka a aro ya yi su, daga Holan zuwa Middlesbrough zuwa Turkiyya zuwa Leganés ta Sifaniya. Shi ya yi sa'a domin yana bugawa a inda aka tura shi. Abokin tsayuwarsa a wancan kofi, Godfrey Oboabona, daga Sunshine Stars ta Akure aka ɗauko shi, kuma bayan gasar ne Rizespor ta Turkiyya ta neme shi da kanta.

Ba ina cewa gasarmu ta gida makaranta ce cikakkiya ba. Tana koyar da juriya: doguwar tafiya a mota, filin da ƙwallo ba ta gudu daidai, 'yan kallon gida masu zafi, da ɗan gaban da zai sa maka gwiwar hannu alƙalin wasa yana kallo. Amma tana kuma koya wa mai tsaron baya ɗabi'ar da za a yi masa faɗa a kanta a waje, wato da ƙwallo ta zo sai ya ɗauke ta ya jefa gaba don ya huta. Yaranmu da suka dawo daga gwaji kusan magana ɗaya suke faɗa: an ce su karɓi ƙwallo daga mai tsaron raga alhali ɗan gaba yana kansu, su ɗaga kai su ba ɗan tsakiya a ƙasa, su kuma tashi tare da sauran 'yan baya a layi ɗaya don kama abokin hamayya da satar gida. Wanda bai saba ba, a rana ta biyu ake gane shi. Ga kuma harshe, domin lamba biyar shi ne mai tsara na gabansa da baki, kuma wanda ba ya iya cewa “matsa” ko “bar masa” da yaren abokan wasansa ya rasa rabin aikinsa.

Game da shi wakilin kuwa, neman kuɗi daga hannunku alama ce da ba ta kwanta mini ba. A abin da na saba gani, ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske tana aiko da takardar gayyata da sunansa, kuma yawanci ita ke ɗaukar nauyin masauki. Wani yaronmu an taɓa karɓar kuɗin filin mahaifinsa aka kai shi wata ƙasa da bizar yawon buɗe ido, ya yi makonni yana atisaye da wasu yara irinsa a filin haya, bai ga jami'in ƙungiya ko ɗaya ba har bizar ta ƙare. Ku tambayi mutumin nan lasisinsa na FIFA, ku nemi ganin takardar gayyatar, sannan ku tuntuɓi ƙungiyar kai tsaye ta adireshin da ke shafinta, ba ta lambar da shi ya ba ku ba.

In kuma abin ya tabbata har aka kai ga kwantiragi, kada a sa hannu sai wanda ya san doka ya karanta, kuma yaron ya riƙe kwafinsa da fasfonsa a hannunsa. Ya sani cewa a dokar FIFA, idan ƙungiya ta riƙe masa albashin wata biyu, yana da damar rubuta mata gargaɗi ya ba ta aƙalla kwana 15, in ba ta biya ba ya raba gari da ita ya kai ƙara. Kafin nan, ku samu wanda zai riƙa ɗaukar wasanninsa na wannan kaka a bidiyo daga farko har ƙarshe, ba gutsuren wuraren da ya yi kyau kaɗai ba, domin masu neman 'yan baya cikakken wasa suke tambaya.