Bil ɗin gas daga Ingila, da tukunyar da ke ƙarewa kafin lokaci

Tambaya daga wata Hajiya a Unguwar Sarki: Assalamu alaikum. Ɗana na karatu a Manchesta, ya turo min hoton takardar bil ɗin gas ta WhatsApp wai in ƙara masa kuɗi. Ni dai na san gas da kilo ake saye, a cika tukunya a biya shikenan. Wannan takardar duk lambobi ce, ko dai yaron nan wayo yake min?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, da wuya in wayo ne. Gas ɗin can ta bututu yake shigowa gida kamar ruwan famfo, akwai mita a jikin gidan tana ƙirga abin da aka sha, kuma ba girki kaɗai yake yi ba, shi ke ɗumama ɗaki da ruwan wanka, to kinga ƙasar da sanyinta ya fi hunturun Kaduna nesa ba kusa ba dole bil ya kumbura daga Nuwamba zuwa wajen Maris.

Kar idonki ya fara sauka kan jimillar kuɗin da ke sama. Ki nemi inda aka rubuta karatun mita guda biyu, na baya da na yanzu, ki cire na baya daga na yanzu, abin da ya rage shi ne gas ɗin da aka ƙona, yawanci a ma'aunin kubik mita. Amma ba da shi ake caji ba, sai an mayar da shi kilowat-awa, irin yunit ɗin da muke saye a mitar wuta. Lissafinsu shi ne a ninka da 1.02264, a sake ninkawa da ƙarfin zafin gas ɗin wanda yakan kama wajen 39 zuwa 40, sannan a raba da 3.6. Ni dai hanyar da nake bi mai sauƙi, in ninka da 11 kawai, zai ba ki kusa da amsar. Kubik mita 100 zai fito kilowat-awa 1,100 da ɗoriya, sai ki ninka da farashin yunit ɗaya da ke rubuce a takardar.

Akwai kuma wani kuɗi na kullum da za ki ga an rubuta standing charge, ko ya kulle ɗaki ya zo hutu Kaduna yana nan yana taruwa, irin kuɗin ƙa'idar nan da aka cire mana daga bil ɗin wuta a 2016. A ƙarshe a ɗora harajin VAT na kashi 5 cikin 100.

Abin da na fi so ki duba da kyau, dan Allah, shi ne harafin da ke gefen karatun mitar. In kinga E, to ƙiyasi ne aka yi, ba wanda ya duba mitar, mu da muka sha bil ɗin wuta na ƙiyasi ba sai an yi mana bayanin zafinsa ba. In A ne to karatun gaskiya ne. Ki ce masa ya je ya ɗauki hoton mitar yau ɗin nan ya tura wa kamfanin ta manhajarsu, za su gyara lissafin. Ki kuma tambaye shi ko ya ɗauki karatun mita ranar da ya shiga gidan, domin yaranmu da yawa nan suke faɗawa, a haɗa musu da bashin wanda ya tashi. In kuma su huɗu ne a gidan ki ji nawa ne kasonsa kafin ki je wajen canji.

Tambaya daga wani magidanci a Rigasa: Tukunyata mai kilo 12.5 da tana kai mu wata guda, yanzu sati uku ta ƙare, kuma rasit na nuna an cika. Uwargida ce ke ɓarna ko masu gas ne?

Amsa: Malam kar ka yi saurin ɗora wa uwargida laifi, wallahi sau da yawa ba ita ba ce. Duba jikin tukunyar wajen hannu ko gindinta, za ka ga an buga nauyinta in babu komai a ciki, galibi da haruffan TW. Ranar da za ka cika ka je da kanka, a ɗora ta a sikeli a gabanka kafin a zuba, a sake ɗorawa bayan an zuba, bambancin shi ne abin da za ka biya. In akwai ragowar kilo ɗaya a ciki aka zuba 11.5 aka rubuta maka 12.5, ka ga ka biya kuɗin gas ɗinka na da. Na taɓa tsayawa a wani wajen cikawa na ga yaron ya ɗora tukunya sikelin bai dawo sifili ba, da na yi magana sai ya ce mantuwa ce, tun daga ranar nake tafiya da ɗan sikelin rataye a but ɗin mota.

In awon ya cika to matsalar na gida. Ka kaɗa omo da ruwa ka shafa a bakin regileto da mahaɗar tiyo, in kumfa na tashi yoyo ne, a rufe tukunyar, a buɗe tagogi, a canza abin da ke yoyon, kar a kuskura a gwada da ashana. Ka kuma kalli wutar, shuɗiya ake so, in tana ja-ja tana baƙanta gindin tukunyar girki to kan murhun ya toshe, a wanke shi. Wake da ganda kuma a jiƙa tun dare, ko a sa su a tukunyar fresha, don kar su cinye gas.

Masu tambayar ko bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, zai kawo mana gas har kicin, an tsara shi ne domin masana'antu da tashoshin wutar lantarki, saboda haka kar kowa ya sayar da tukunyarsa tukuna.