Tambayi Likita: yaro ƙarami na cewa gara ya mutu

Tambaya daga wata uwa a Bagalam: Likita ɗana shekararshi 8, yana aji CE2, tun da ni da babanshi muka rabu sai ya riƙa cewa gara ma ya mutu ya huta. Kakarshi ta ce surutun yara ne in ƙyale shi. Gaskiya ne?

Hajiya, da girmamawa ga kaka, amma kar ki ƙyale. Yaro ɗan shekara 8 ya riga ya fara gane mutuwa ba barci ba ce, kuma ko bai gama ganewa ba maganar na nuna akwai abin da ya fi ƙarfinshi. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, ba gaban ƴan gida ba, ki tambaye shi kai tsaye: in ka ce gara ka mutu mi kake nufi, ka taɓa tunanin yi ma kanka wani abu? Iyaye da yawa na tsoron tambayar nan wai za su sa ma yaro tunanin a kai, to binciken likitoci bai nuna haka ba, sau da yawa ma sauƙi yaron ke ji. Kuma in ya amsa don Allah kar ki ce mai "a'uzubillahi, wuta za ka", daga ranar ya rufe baki kenan. Yara da yawa in aure ya mutu suna ɗauka laifinsu ne, ki hwaɗa mai ƙarara ba shi ya jawo ba. Cikin satin nan ki kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ki gaya ma majo, shugaban wurin, kalmomin da ya faɗa yadda ya faɗe su, su za su tura ku gun mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa in da buƙata.

Wani malami daga Tibiri: Wane irin magani ake ba yaro irin wannan, ƙwaya ce ko allura?

Malam yawanci ba ko ɗaya. Tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta fito da shi a 2008 don ma'aikatan ƙananan asibitoci ya ce kar a ba yaro ƙasa da shekara 12 ƙwayar ciwon damuwa. Ko ga matasa, in an fara ta sai an sa ido sosai makonnin farko don wani lokaci tunanin kashe kai na ƙaruwa kafin ya sauka, shi ya sa sayen irin ƙwayoyin nan gun mai tebur a kasuwa ganganci ne. Maganin zama ne da hira. Ƙaramin yaro ba ya iya zama ya zayyana damuwarshi kamar babba, sai a ba shi takarda ya yi zane, ko a yi wasa da shi, daga nan ake jin abin da ke cinshi, a koya mai sunan abin da yake ji, tsoro ne ko haushi ko kewa, da abin da zai yi in ya taso mai, wa zai je ma. Rabin aikin kuma da iyaye ake yinshi, don in yaro zai koma gidan da ake dukanshi kullum ko lakwal ɗin da ake mai ba'a ko wani babba na taɓa shi a ɓoye, zaman asibiti kaɗai ba zai yi komi ba. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne, ana ɗaukar makonni, wani har watanni.

Wata baiwar Allah daga Zariya: Ƴar ƙanwata ce ke irin maganar nan, an ce iska ce, ana mata ruƙiyya.

Addu'a ba ta hana asibiti, ku haɗa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka, ɗauri, ko turara ma yarinya hayaƙi har ta shaƙe.

Wani uba daga Madarunfa: In har yaro ya riga ya sha wani abu fa?

Asibiti nan take, sashen gaggawa, ko da yana wasa yana cewa lafiyarshi lau, wasu gubobin sai bayan awoyi suke nunawa. Kar a ba shi manja ko madara, kar a sa mai yatsa ya yi amai, a tafi da kwalbar ko ledar abin da ya sha. Ku manoma kuma, maganin ƙwari da na ɓera da ƙwayoyin tsofaffi a sa su akwati a kulle, makulli hannun babba, OMS ta ce kusan kashi 1 cikin 5 na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari suke sha. Bayan an sallame ku kar a bar shi shi kaɗai, kuma ku koma ranar da aka ba ku ko da ya ga kamar ya warware.